Wushiryar da ba wushirya ba

Azumin da ya wuce ne na fara lura da bakin 'yar yayata. Muna zaune a tsakar gida nan Aboabo ana shan ruwa, koko da ƙosai a gabanmu, wani abu ya ba ta dariya ta buɗe baki sai na hango wushirya tsakanin haƙoranta na sama. Yarinyar nan fa ni na goya ta, a hannuna ta girma, na san ba ta da wushirya. Nace ke yaushe kika yi wannan, tace Anti ai kowa cewa yake ta yi min kyau, har Mma ta sa baki tace gado ne kakarta ta wajen uba ma tana da ita. Na yi shiru dan kar in ɓata wa mutane shan ruwa, amma da aka tashi tarawi na ja ta ɗaki na haska bakin da tocilan waya, na wanke hannu na sa kan yatsa na taɓa haƙorin gaba ɗaya, sai naji yana motsi. Shekararta 14. Wannan ba haƙorin yarinta ba ne da zai faɗi wani ya fito, in ya tafi ya tafi kenan.

Abin da ya fi ɗaure min kai bakin nan tsaf yake. Ba datti ba wari, dasashin bai kumbura ba bai yi ja sosai ba, yarinya ce mai buroshi safe da dare kuma tana aswaki in za ta makarantar Islamiyya. Amma da maganar ta fita a gida kowa ya samu abin faɗa, wata gwaggonta tace ƙazanta ce kawai, wata tace tofi da kayan zaƙi ne take saya a hanyar sukul, wata kuma ta rage murya tace bakin mutane ne tunda yarinya ta fara kyau. Yaya ta je kemis aka ba ta ruwan kurkure baki da maganin ciwo, aka yi wata guda ana kurkura haƙori na ƙara buɗewa. Ranar da na tarar da yarinyar tana goge baki har jini na fita tana kuka dan an ce mata ƙazama, ranar nace gobe ba sukul, mu hau pragya mu je wajen likitan haƙori.

Likitan ya ɗauko wani ƙarfe siriri mai zane-zanen milimita ya dinga zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi yana kiran lamba nas tana rubutawa. Lafiyayyen dasashi ƙarfen ba ya wuce milimita 1 zuwa 3. A yawancin haƙoranta haka aka samu, 2, 2, 3, amma da ya zo haƙoran gaba da turmin farko na kowane ɓari sai naji yana kiran 6 da 7. Aka ɗauki hoton ƙashi ya ɗaga mana a haske, ga shi nan ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙorin ya zaizaye kamar yadda ruwan sama ke cin gindin katangar ƙasa, hagu da dama iri ɗaya. Yace Hajiya wannan ba rashin tsafta ba ne, akwai ƙwayar bakteriya da aka sani da irin wannan ɓarna a bakin yara masu tasowa, haƙoran gaba da turmin farko take kamawa, ya faɗi sunanta, Aggregatibacter actinomycetemcomitans. Yaya ta kalle ni dan ta san aikina kenan.

Ni ma'aikaciyar lab ce, shekara da shekaru ina shuka ƙwayoyi a faranti ina duba su a madubi, yanzu kuma na koma karatun digiri na biyu. Sunan nan na san shi tun a aji, amma sanin haddar jarrabawa. Daren nan ban yi barci ba ina ta karatu a waya har data ta ƙare na sake saya da MoMo, kuma abin da na gani shi ya juya min akalar binciken da nake so in yi gaba ɗaya.

Ita wannan ƙwaya mutane da yawa a duniya suna ɗauke da ita a baki ba ta yi musu komai. Tana fitar da wani dafi da ke kashe fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin da jiki ke turowa dasashi, amma kaɗan take fitarwa jiki na iya ji da shi. To sai dai akwai wani reshe nata da ake kira JP2. DNA ɗin ƙwayar, wato rubutun gadonta, gaba ɗaya haruffa ne sama da miliyan 2, shi JP2 haruffa 530 ne kacal suka gutsure masa, kuma a daidai wurin da ke sarrafa yawan dafin suka gutsure, kamar famfon da kansa ya karye ruwa na ta zuba, sai ya koma fitar da dafi ninki 10 zuwa 20. A Maroko an bi yara 'yan makaranta kusan 700 na tsawon shekara 2, aka buga sakamakon a 2008, wanda ke ɗauke da JP2 haɗarin dasashinsa ya fara rabuwa da haƙori ya ninka na wanda ba shi da ƙwayar sau 18, mai ɗauke da sauran rassan kuwa sau 3. Masu bin salsalar reshen sun ce a arewacin Afirka ya ɓullo wajen shekara 2,400 da suka wuce, ya gangaro Afirka ta Yamma, cinikin bayi ya tsallaka da shi Amurka, shi ya sa har yau a can ma a bakin baƙar fata aka fi samunsa. Kuma ba labarin nesa ba ne, a Accra an duba yara 500 a makarantun gwamnati, masu bincike daga Suwidin da Denmak tare da likitocin haƙori na jami'ar Ghana, aka samu JP2 a kusan 9 cikin kowane 100. Ku lissafa aji ɗaya na JHS mai yara 45, ku ga yara nawa kenan.

A faranti ba za ki taɓa bambance JP2 da 'yan'uwansa ba. Na taɓa ganin ƙwayar a faranti sau ɗaya lokacin koyon aiki, ɗigo ne ƙarami mai manne wa faranti kamar an liƙa shi, in kika kara madubi sai ki ga alama kamar tauraro a tsakiyarsa, kyakkyawa wallahi. Mai dafi da mara dafi duk tauraron nan ne. Sai an karanta DNA.

Nan ne tunanina ya tafi. In dai cikin ƙwaya ɗaya mai suna, wadda aka sani tun 1912, haruffa 530 na iya raba yaron da zai tsufa da haƙoransa da wanda zai yi giɓi kafin ya gama sakandare, to waɗanda ke bakinmu da ko suna ba a sa musu ba fa?

Bakin mutum gari ne guda. Wanda ya fara leƙa shi wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, mutum ne kamar masu atamfan Kejetia sai dai shi ya ƙware da goge gilashin ƙara girma. A 1683 ya kankare farin abin nan da ke taruwa tsakanin haƙora, nasa da na wasu har da wani tsoho da bai taɓa wanke baki ba, ya duba ya ga abubuwa masu rai suna ta wutsil-wutsil, ya zana su ya aika Landan. Yau akwai rajista guda da cibiyar Forsyth ta Amurka ke riƙe da ita, HOMD, ta ƙwayoyin baki kaɗai, nau'i sama da 700 ne a ciki. Mutum ɗaya ba ya ɗauke da dukansu, wasu ɗaruruwa ne, kuma kowacce da unguwarta, ta bayan harshe daban, ta kumatu daban, ta ƙarƙashin dasashi inda iska ba ta shiga daban. Da yawa daga cikin na rajistar nan har yau lamba kawai gare su ba suna, wasu kuma ba a taɓa iya shuka su a faranti ba. Kuma dan Allah mu daina kiran su duka ƙwayoyin cuta. Akwai irin su Rothia da Neisseria da ke zaune a harshe, in kika ci alefu ko kontomire su ke juya sinadarin naitret na ganyen ya koma abin da ke sassauta jijiyoyin jini, har an yi gwaji a Landan aka ba mutane ruwan kurkure baki mai ƙarfi na mako guda jininsu ya ɗan hau. Shi ya sa raina ya ɓaci da kwalbar da aka ba Yaya a kemis, an kashe na kirki wanda ake nema kuma yana can ƙasan dasashi ruwan bai kai shi ba.

Yadda muke gane ƙwaya a lab na yau da kullum kuwa tsohuwar hanya ce. A shafa a gilashi a zuba rini irin wanda Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884, ta yi shuɗi-shuɗi ko ta yi ja, zagayayya ce ko doguwa, a jere take kamar carbi ko a cure kamar inabi, wane sukari take ci wane ba ta ci. Duk sifa ce da hali. Mu 'yan zango mun fi kowa sanin inda wannan ke kai mutum. Wanda ke waje in ya ga doguwar riga da hula yaji ana Hausa shikenan duk Hausawa ne, alhali a layinmu kaɗai akwai Mosi akwai Zabarma akwai Dagomba, ga Wangara ga Kotokoli ga Fulani ga Yarbawa, kowa da asalinsa da sarkinsa. Haka Streptococcus na baki suke. A farantin jini dukansu ɗigo ne ƙanana da kore-kore a kewaye, Streptococcus mitis da Streptococcus oralis waɗanda kusan kowa ke da su lafiya lau, da kuma ɗan'uwansu Streptococcus pneumoniae mai kawo nimoniya da sanƙarau, shi ne ya yi mana ɓarna a yankin Brong Ahafo ƙarshen 2015 zuwa 2016. Muna da dabarun raba su, mu ɗora ɗan faifai mai sinadarin optokin, wanda ke hana pneumoniae tsiro, mu ga ko zai hana ta tsiro, amma akwai waɗanda ke faɗowa tsaka-tsaki, sai ka rubuta a takarda dangin mitis ka sa hannu dan iyakar abin da faranti ya gaya maka kenan.

A 1977 Carl Woese a Amurka ya nuna cewa akwai wani guntun gado da kowace bakteriya ke da shi, 16S, haruffa wajen 1,500, wanda ke canzawa a hankali ƙwarai, in ka karanta shi za ka san wa ke da dangantaka da wa. Kamar tsagar fuska ce, kakanninmu in suka ga tsaga sun san daga ina mutum ya fito. An ci moriyarsa sosai, rajistar bakin nan ma a kansa aka gina ta, an ma sa iyaka cewa in kamannin 16S bai kai kashi 97 cikin 100 ba nau'i daban ne, daga baya aka ɗaga zuwa 98.7. Amma tsaga tana gaya miki ƙabila ne ba ta gaya miki ɗan gidan wa ba. Mitis da oralis da pneumoniae 16S ɗinsu ya yi kama fiye da kashi 99, ga mai zama lafiya ga mai kisa tsaga ɗaya. Hanyar da aka yarda da ita a 1987 dan yanke hukunci ita ce a narka DNA na ƙwayoyi biyu a gauraya a ga kashi nawa zai manne, in ya kai 70 nau'i ɗaya ne, aiki ne mai wuya lab kaɗan ke iya shi kuma in wani ya maimaita sai amsa ta ɗan goce.

Karanta jinom, wato littafin gadon ƙwaya daga bango zuwa bango, shi ya kawo sauƙi. Na farko da aka kammala na bakteriya a 1995 ne, Haemophilus influenzae, haruffa miliyan 1.8, aikin tawaga guda da kuɗi masu yawa. Na Streptococcus mutans mai cin haƙori ya fito a 2002. Yanzu ɗaliba irina na iya yi. Bari in faɗa muku yadda abin yake dan na yi shi da hannuna a horon da aka ba mu. Za ki tsinci ɗigo ɗaya tak daga faranti ki sake shuka shi shi kaɗai har ki tabbatar ba gauraye, ki kwashe ki zuba a ɗan bututu, ki sa sinadarin da zai fasa bangon ƙwayar, ki wanke ki tace ki sake wankewa, a ƙarshe abin da zai rage miki ɗigon ruwa ne garau a gindin bututu wanda in ba a gaya miki ba za ki ce ba komai a ciki, ranar farko sai da na ɗaga shi a haske ina juyawa. Injin Illumina yana daddatsa DNA ɗin ya karanta gutsattsari masu haruffa wajen 150, miliyoyinsu. Na Oxford Nanopore kuwa, MinION, bai kai wayar hannu girma ba, a jikin laftof ake soka shi, zaren DNA na ratsa ɗan rami yana karantawa dubban haruffa a jere, shi aka ɗauka a jaka aka kai Gini lokacin Ebola a 2015. Daga nan sai kwamfuta ta haɗa. Ku ɗauka an samo jarida ɗaya kwafi ɗari aka yayyaga kowacce ta wuri daban kamar wadda ake naɗe ƙosai, in ƙarshen wannan guntu ya yi daidai da farkon wancan sai a liƙa, a haka har shafi ya dawo. In dumso bai katse miki ba kafin ki gama cin abinci laftof ta gama.

Sai babbar tambaya, wannan da na samu sananniya ce ko baƙuwa. Ma'aunin da ake aiki da shi yanzu ANI ake ce masa. Kwamfuta na yanka jinom ɗinki gunduwa-gunduwa wajen haruffa dubu-dubu, ta nemi takwarar kowace gunduwa a jinom ɗin ƙwayar da aka riga aka sani, ta ƙirga haruffa nawa suka dace, ta fitar da matsakaici. Kamar malamai biyu ne suka kwafi littafi ɗaya da hannu aka zauna ana muƙabala shafi-shafi. In dacewar ta kai kashi 95 zuwa 96 nau'i ɗaya ne, in ta faɗi ƙasa da haka da duk wata ƙwaya mai suna a duniya to kina riƙe da abin da ba a taɓa raɗa wa suna ba. Cibiyar DSMZ ta Jamus tana da shafi, TYGS, kyauta ne, ki loda jinom ki jira saƙon imel ya zo miki da bishiyar dangi. Da ma'aunin ANI ɗin nan aka gane cewa Fusobacterium nucleatum da aka daɗe ana ɗauka abu ɗaya ne mai rassa, rassan nan kowanne nau'i ne mai zaman kansa, kuma abin ba wasan suna ba ne dan a 2024 masu bincike a Siyatil sun nuna cewa wani ɓangare guda na reshen animalis, ɗan asalin baki, shi ne ya fi yawa a cikin ƙarin kansar hanji. Da ana ta kiran su da suna ɗaya da ba a ga wannan ba.

Raɗin suna kuma da ƙa'idarsa, ya fi na jariri tsanani. Sai kin bayyana sifarta da halinta da jinom ɗinta, sunan ya bi nahawun Latin, ki ajiye ƙwayar da ranta a ma'ajiya biyu a ƙasashe biyu daban dan duk wanda ke so ya nema ya tabbatar, sannan sunan ya fito a mujallar IJSEM kafin a ce ya tabbata. Waɗanda suka ƙi tsirowa a faranti sai a kira su Candidatus, wato suna na wucin gadi, a 2022 ne wasu masana suka kafa wani tsari daban, SeqCode, da ya yarda jinom kaɗai ya tsaya a madadin ƙwaya mai rai. Wadda labarinta ya fi burge ni ita ce TM7. Shekaru ana ganin DNA ɗinta a bakin mutane an rasa yadda za a shuka ta, sai a 2015 aka gano dalili, ashe ba ta iya zama ita kaɗai, 'yar mitsitsiya ce nanomita 200 zuwa 300, jinom ɗinta haruffa dubu 705 kawai, a jikin wata bakteriyar take manne tana tsotsa kamar kaska a kunnen sa. Sai an shuka mai masaukin sannan baƙuwar ta tsiro.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Bakin wa aka leƙa aka rubuta rajistar nan? A 2022 wasu masu bincike sun zauna sun ƙirga samfuran ƙwayoyin jikin mutum da ke ajiye a rumbunan intanet na duniya, suka ga sama da kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka san asalinsu daga Turai da Amurka da Kanada suke, Amurka kaɗai kusan kashi 47, ita da ba ta kai kashi 5 na mutanen duniya ba. Ba na zargin kowa, kowa bakin da ke kusa da shi ya duba. A Koriya ta Kudu wata tawaga a jami'ar Chosun da ke Gwangju ta zauna ta bi bakin marasa lafiyarsu ɗaya bayan ɗaya, a 2019 suka fito da Streptococcus gwangjuense da Streptococcus chosunense, sunan garinsu da na makarantarsu. Mu kuwa in kika nemi sunayen garuruwanmu a littafin ƙwayoyi za ki same su, akwai Salmonella Accra akwai Salmonella Kumasi akwai Takoradi har da Nima, amma duk na ciwon ciki ne. Bakin da ke tauna goro tun daga asuba, bakin da ke cin tuwo da miyar kuka da daddawa, bakin da ke azumi wata guda miyau ya ƙafe tun safe har magariba, bakin da aswaki ke gogewa sau biyar a rana, wannan bakin ba irin na ɗalibin jami'a a Boston ba ne, kuma in aka zo yin gwaji ko magani da rajistar da ba mu ciki to rigar wani ce aka ɗinka za a ce mu sa.

Akwai ma wanda ya fi na 'yarmu muni nesa ba kusa ba, noma, ciwon da ke farawa daga dasashin ƙaramin yaro mai tamowa cikin kwanaki ya cinye kumatu da leɓe. A ƙasar Hausa yake da ƙarfi, Sakkwato na da asibiti guda dominsa tun 1999, an yi bincike mai zurfi a kansa a Damagaram, kuma sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ƙwayoyin baki ne ke rikicewa su afka wa jikin da yunwa ta raunana. 'Ya'yan 'yan'uwanmu ne.

Kuma ba wai ba mu da kayan aiki ba ne. Cibiyar bincike ta Noguchi na Legon tun 1979, cibiyar WACCBIP na nan jami'ar Ghana, su biyun ne suka karanta jinom ɗin korona a Afrilun 2020 daga samfuran 'yan ƙasa, nan Kumasi ga cibiyar bincike ta KCCR a harabar jami'ar Tech tun 1997. Injinan suna nan, masu iya sarrafa su suna nan, korona ta sa an horar da matasa da yawa. Hankali ne ya fi karkata ga cututtukan da ke kisa nan take kuma ban ga laifi ba, sai dai haƙori ma rayuwa ne, yarinya 'yar 14 da ta daina dariya a gaban mutane ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa na rubuta wa malamina cewa ina so in canza taken bincikena, in ɗebi samfuri daga dasashin yara masu tasowa da na manya masu aswaki da goro a zangonnin Asawase da Aboabo da Sabon Zango, mu nemi JP2 da gwajin PCR, mai kwafo guntun DNA da ake nema, tunda shi wannan mai sauƙi ne, guntun da aka kwafa in ya fito gajere da haruffa 530 to shi ne, sannan duk ƙwayar da ta tsiro ta ƙi shiga suna mu adana ta a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili har a samu kuɗin karanta ta. Ya amince. Yanzu muna jiran izinin kwamitin ɗa'a dan ba a taɓa bakin kowa sai da shi, kuma sun ce takardar neman yarda dole a fassara ta da Hausa da Tuwi yadda uwa za ta gane abin da take sa wa hannu, kwana uku na yi a kan jimla ɗaya ina neman yadda zan ce jinom.

Kan aswaki kuwa tunda na san za a tambaya, kar wanda ya ajiye nasa. Saiwar Salvadora persica, irin wadda alhazai ke kawowa tsaraba, an gwada an samu sinadari a cikinta mai kashe wasu ƙwayoyin dasashi a lab, ga gogewar kanta tana kankare datti, ga lada. Amma in ƙwaya ta riga ta shige milimita 7 ƙarƙashin dasashi ba aswaki ba buroshi da zai kai can. 'Yarmu sai da aka yi mata wankin saiwa, a kashe wurin da allura a kankare ƙasa ɓari-ɓari zama huɗu, sannan likita ya rubuta mata maganin kashe ƙwayoyi kala biyu na kwanaki ƙidayayyu. Da gangan na ƙi faɗin sunansu dan na san halinmu gobe wani zai je kemis ya saya, maganin ba ya aiki in ba a yi wankin ba. Likitan yace a kawo ƙannenta ma a duba dan ƙwayar a cikin gida take yawo, ta cokali ta kofi ta abincin da uwa ke taunawa ta ba jariri. In kuka ga yaro ya yi sabuwar wushirya bayan ya girma, ko haƙorin gaba ya fara turowa waje, ko jini in ya ciji burodi mai tauri, ku kai shi a auna dasashin da ƙarfen nan.

Jiya da daddare na karanta wa Mma fassarar takardar dan in ga ko za ta gane. Tana zaune a kan buzu da goronta a ƙullin zani, shekara 70 da wani abu haƙoranta ja-ja amma ba ko ɗaya da ya fita. Na ce mata jinom shi ne littafin asalin ƙwaya, ta gyaɗa kai tace salsala kenan, na soke nawa na rubuta nata. Tace in izinin ya fito ita za a fara ɗiba, ta tambaye ni in aka samu baƙuwa a bakinta wa ke raɗa suna, nace wanda ya gano amma ana iya sa sunan wuri, tace to ki sa Aboabo. Sannan ta kira gwaggon nan da ta ce ƙazanta ce, a gabana tace mata gobe ita za ta raka yarinya asibiti awon wata uku, kuma ta tsaya ta ga hoton ƙashin da idonta.